Haƙuri Iri Biyu: Yadda Nakasassun Damagaram Ke Riƙe Juna a Shekarun Rashin Tabbas

Duk wanda ya tashi da nakasa a Damagaram ya san kalmar haƙuri tun bai san sunan unguwarsu ba. Ita ake faɗa wa uwarsa ranar da aka tabbatar ƙafar yaron ba za ta taka ƙasa ba. Ita ake faɗa wa makaho idan ya yi sallama a ƙofar gida aka rasa abin ba shi: a yi haƙuri, Allah ya ba mu. Ita ce kuma ma'aikaci yake miƙo maka bayan ka ja jiki ka hau matakala, ka tarar wanda kake nema ya fita. Ni shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku, keken hannu ne ƙafata har yau, saboda haka na ji kalmar nan daga bakin masoyi, na kuma ji ta daga bakin wanda ya ƙosa in bar masa ƙofar ofis. Ban taɓa raina ta ba. Sai dai abubuwan da suka faru daga 2023 zuwa yanzu sun sa na zauna na tankaɗe ta, na ga ashe haƙuri biyu ne suke amsa suna ɗaya. Akwai wanda ake ba mu don mu yi shiru, akwai wanda muke yi da kanmu don mu kai gobe. Na biyun nan ba ya yiwuwa ga mutum shi kaɗai, kuma yadda yake aiki nake son in warware.

Tun daga ƙidaya matsalar take farawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce nakasassu kashi 4.2 cikin ɗari ne na mutanen Nijar, wato mutum dubu 700 da ɗoriya a wancan lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya suna rayuwa da wata nakasa mai nauyi. Wanda ya san gidajenmu ya san inda tazarar nan ta fito. Mai ƙidaya a zaure yake tsayawa ya tambayi maigida. Maigida ba zai ambaci 'yarsa mai farfaɗiya ba, don kada a guji auren ƙannenta. Ba zai kira tsohuwar da idonta ya dushe makauniya ba, a wurinsa tsufa ne. Yaron da ba ya ji sosai kuma sai a ce taurin kai ne da shi. Wanda bai shiga lissafi ba, ba a ware masa kaso, kuma ranar da bala'i ya zo ba a neman sa, tunda ba a san da zamansa ba.

Idan ka bi tushen nakasar da muke gani a jihar nan, za ka tarar mafi yawanta ciwon talauci ne. Sanƙarau yana zuwa da zafin bazara, ya kashe wanda ya kashe, ya bar wasu da kurumta. Amosanin ido yana bin ƙuda da ƙarancin ruwan wanke fuska, shekara da shekaru, har gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido. Akwai doguwar naƙuda da ke barin jariri da lalurar ƙwaƙwalwa, ta bar uwa da yoyon fitsari. Akwai ciwon noma da ke cin fuskar yaron da yunwa ta riga ta raunana. Akwai haɗarin kabu-kabu da ke ƙara mana sababbin 'yan'uwa kowane mako. Unguwar Kara-Kara kanta asalinta wurin da aka keɓe kutare ne a bayan gari, kuma ko da yake yau kuturta tana warkewa da maganin wata 6 zuwa 12 da ake bayarwa kyauta, jikokin mutanen can har yanzu suna ɗauke da tabon sunan unguwar idan suka je neman aiki ko aure. An dai samu ci gaba, kuma ba daidai ba ne a ɓoye shi. A watan Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, irin wadda ta kama ni. A watan Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke haddasawa. Waɗannan nasarori sun samu ne da kuɗi da allurai da ma'aikatan da suka bi ƙauye ƙauye, abin da ya sa hankalina ke tashi idan na ji ana maganar yanke tallafin lafiya.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa girgizar shekarun nan ta fi taɓa mu, sai an fahimci abu biyu game da aljihun nakasasshe. Na farko, nakasa tana da kuɗinta na kullum wanda mai lafiya ba ya biya. Inda wani zai taka da ƙafa daga Birni zuwa Kasuwar Dole, wata sai ta hau kabu-kabu, wani lokaci ma ta biya na mutum biyu saboda mai rakiya. A garin da kowa ya san tarihin wahalar ruwansa, mai lafiya zai iya ɗaukar jarka ya bi layin famfo da asuba, gurgu kuwa sai ya saya a hannun 'yan garuwa, ko nawa suka ce. Makaho yana ciyar da ɗan jagora. Zabiya tana buƙatar man kare fata da hula mai faɗi, in ba haka ba ranar Damagaram ta yi mata illar da ba ta gyaruwa. Ni kaina taya da sarƙa da faci suna cin wani kaso na abin da nake samu kowane wata. Na biyu, abin da yawancinmu ke samu daga rarar wasu yake fitowa. Mai bara yana jiran canjin da ya rage a hannun mai sayayya. Mai saƙar kujera, mai ɗinkin hula, mai gyaran takalmi, mai sayar da turare a ƙofar masallaci, duk suna sayar da abin da mutum ke iya ɗagawa zuwa wani watan idan tiyar hatsi ta yi tsada. Saboda haka idan gari ya matse, kuɗin da muke kashewa yana hawa a daidai lokacin da rarar da muke rayuwa a kanta take ƙafewa.

To, ga yadda abin ya jero. A farkon 2023 canjin takardun naira ya tsayar da ciniki a kasuwannin iyaka, mu kuwa nan Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. A ƙarshen watan Mayun shekarar Najeriya ta cire tallafin mai, man da ake shigo da shi ta bayan fage ya yi tsada. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, kwana huɗu bayan nan ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Sai a watan Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris. Masu fashin baƙin siyasa sun yi ta magana a kan wannan, kowa da ɓangarensa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda watannin nan suka kasance a rumfar mai walda gurgu wanda injinsa ba ya tashi sai da wuta, ko a ɗakin mai farfaɗiya da ƙwayar da yake sha kullum ta yi wuyar samu. Shi wannan magani ba a tsallake masa rana. Wanda ya rasa shi mako guda yana iya faɗawa wuta ko rijiya, kuma mun san waɗanda abin ya faru da su.

Ba mu gama farfaɗowa ba daminar 2024 ta zo da ruwan da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. A faɗin ƙasa fiye da mutum 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a idon jama'a. Kowa ya ga hoton a waya, kowa ya yi jimami, ni ma na yi. Amma a daren da ake irin wannan ruwa, tunanina yana kan waɗanda ke kwance a ɗakunan ƙasa suna jin bango yana jiƙewa, ba su da ƙafar gudu. Kurma ba ya jin ihun maƙwabta. Makauniya tana jin ihun, amma hanyar da ta haddace da sandarta ta zama kogi.

Sai kuma 2025. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumarta mai raba tallafin, USAID, ɗungurungum. A watan Fabrairu hukumomin ƙasarmu suka umarci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, CICR, ta rufe ofisoshinta, bayan an janye izinin wasu ƙungiyoyin a ƙarshen 2024. Kowace gwamnati tana da dalilan da ta bayar, kuma ba hukunci na zo yankewa a kansu ba. Gaskiya ne kuma gwamnati ta rage kuɗin mai a watan Yulin 2024, ta rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi daga watan Satumba, kuma talaka ya ji sauƙin hakan. Abin da nake nunawa shi ne, shekara da shekaru kekuna da sanduna da ƙafafun roba da horon sana'a mafi yawansu ta hannun ƙungiyoyin waje suke zuwa mana. An bar wannan fanni a hannun baƙo, har aka saba. Ranar da baƙo ya naɗe tabarmarsa, sai aka ga babu wani layi mai ƙarfi a kasafin gida da zai maye gurbinsa. Yaron da aka yi wa ƙafar roba yana shekara takwas, kafin ya kai goma ta yi masa kaɗan, kuma girman yaro ba ya jiran a daidaita tsakanin ƙasashe.

A irin wannan hali ne kalmar haƙuri take yawaita a bakin mutane, kuma a nan ne ya kamata a rarrabe. Malamanmu suna karanta mana hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta nemi ya yi mata addu'a. Ya ba ta zaɓi tsakanin ta yi haƙuri ta samu Aljanna ko ya roƙa mata lafiya. Ta zaɓi haƙuri. Yawancin masu wa'azi a nan suke tsayawa. Amma matar ba ta tsaya nan ba. Ta ce idan ciwon ya tashi jikinta yana buɗewa, a roƙa mata Allah kada ta riƙa tsiraita, kuma aka roƙa mata. Ta karɓi ƙaddarar ciwon, ta ƙi karɓar zubewar mutunci, kuma ba a ce mata ta yi rashin haƙuri ba. Haka nan surar Abasa ta sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman ilimi aka juya ga manyan gari. Daga baya shi ne ya zama ladani, har ana bar masa riƙon Madina idan an fita. Wannan shi ne ma'aunina. Ƙafata ƙaddara ce, na karɓe ta tun ina yaro, kuma ina gode wa Allah. Matakalar da aka gina a ƙofar makaranta ba tare da gangara ba kuwa aikin magini ne da wanda ya sa hannu a takardar kwangila. Idan aka ce in yi haƙuri da ita, an ɗauki nauyin mutum an jingina wa ƙaddara.

Haƙurin da muke yi da kanmu yana da tsari, kuma ba yau aka fara shi ba. Masarautun ƙasar Hausa sun daɗe da naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Wasu 'yan boko suna ganin sarautar bara ce kawai, amma wanda ya zauna kusa ya san aikinta ya wuce haka. Baƙon makaho da ya sauka a tasha bai san kowa ba, gidan sarkinsu ake kai shi ya kwana. A can ake raba rigima, a can ake raba zakka da sadakar da attajiri ya aiko a dunƙule, a can ake tsaya wa maraya a kan aure, a can ake haɗa kuɗin likkafani. Tsari ne da ya riƙe mutane tun babu ma'aikatar jin daɗin jama'a. Rauninsa shi ne an gina shi a kan rabon sadaka, bai saba da zuwa gaban hukuma ya ce ga haƙƙinmu ba. Wannan ɓangaren ƙungiyoyin zamani ne suka ɗauka, irin su tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa, FNPH, da ƙungiyar makafi da ta kurame. Su kuma nasu raunin, da yawa sun saba da taron bita da kuɗin zama, har wani lokaci shugabanni sun fi sanin otal ɗin taro fiye da ɗakin mambobinsu. Ina faɗin haka ne a matsayin ɗan gida. Inda dattawan sarauta da matasan ƙungiya suka haɗa kai, abu yana tafiya. Inda suka tsaya jayayyar wa zai karɓi buhunan, kowa yana asara.

Abin da na fi sani da idona shi ne asusunmu. Mu ashirin da biyu ne, muna haɗuwa ranar Juma'a bayan la'asar a gindin wani dogon yaro. Tsarin da muke bi na Mata Masu Dubara ne, wanda aka fara a ƙasar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau kuma ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Akwati ne na ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mutum uku, akwatin yana kwana a gidan na huɗu. Kowa yana zuba abin da aka yanke, ana ba da rance da ɗan abin da za a ɗora, sannan akwai wani ƙaramin kwano daban na taimakon gaggawa wanda ba a mayarwa. Ni ne mai littafi, tunda na yi makaranta. Amma kafin in buɗe littafin, wata dattijuwa makauniya da muke kira Inna ita take fara faɗin abin da aka rufe akwati da shi makon jiya, da ka, har da wanda ake bi dala hamsin. Sau biyu lissafina da nata suka saɓa, sau biyun kuma da aka ƙirga kuɗin ita ce da gaskiya. Akwai wani saurayi kurma mai gyaran babur, ƙanwarsa take zama gabansa tana mayar masa da magana da hannu, idan an zo ƙirga kuwa sai an ɗaga kowace takarda sama ya gani. Wannan doka shi ya kawo ta, bayan ya nuna mana cewa wata uku ana yanke shawara yana zaune bai san me aka ce ba. Kunya ta kama mu ranar, domin abin da muke kuka ana yi mana a gari shi muka yi masa a gindin bishiya.

Da kuɗin akwatin nan wata ta sayi injin markaɗe, wani ya sayi buhun gawayi yana ƙullawa, ni na canja tayoyin kekena ba tare da na je ƙofar kowa ba. Hausawa sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Karin maganar tana da ɗaci, amma akwai gaskiya a cikinta: ranar da ka biya da kuɗinka, muryar da ake yi maka magana da ita tana canjawa.

Sai dai daminar 2024 ta nuna mana iyakar asusu, kuma wannan ne abin da masu yabon zumunci daga nesa ba su cika lura da shi ba. Adashe da asusu suna aiki ne idan masifa tana zuwa bi da bi. Yau ɗanka ba lafiya mu tallafa maka, wata mai zuwa rufin ɗakina ya yaye ku tallafa mini. Idan ruwa ya rusa ɗakunan mutum bakwai a mako guda, sauran kuma ciniki ya tsaya musu, kwanon gaggawa ba ya kai kwana uku. Haka ya faru da mu. Masu rance suka kasa biya, masu zubi suka kasa zubi. Talaka da talaka idan suka jingina da juna suna iya tsayawa, amma idan ƙasar da suke kai ce ta zame, tare suke faɗuwa. Abin da ya cece mu a lokacin daga wajen da'irarmu ya zo: maƙwabcin da ya buɗe zaurensa, limamin da ya yi sanarwa bayan sallar Magariba, ɗan'uwa a Agadas ko Kano da ya turo 'yan jikkuna ta waya, samarin fada da suka kwashe ƙasa ba su karɓi ko dala ba. Na ga wasu daga cikin samarin da gari ke kira 'yan iska sun ɗauko tsoho a baya cikin ruwa har ƙugu. Darasin da muka ɗauka a asusu shi ne kada zumuncinmu ya zama katanga. Mun fara zuwa suna da jana'iza da gayyar unguwa da gangan, ko da wahalar zuwa, saboda zumunta a ƙafa take, ko ƙafar ta keke ce.

Akwai abin da ya faru a rabon kayan agaji na lokacin wanda har yanzu yake ci mini rai. An sanar da rabo a wani fili, aka ce a zo da sassafe. Na isa na tarar da turmutsitsi, mai ƙarfi yana ture marar ƙarfi, keke ba shi da hanyar shiga. Ana kiran suna da lasifika, kurame suna tsaye a gefe har aka wuce sunayensu. Na samu wani daga cikin masu rabon na yi masa bayani, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ka ga yadda wurin yake." Na koma gida hannu wofi, da ni da mutum shida. Mako na gaba Inna ta ce, "Ɗana, kai kaɗai ka je, shi ya sa aka ba ka haƙuri. Rubuta sunayenmu." Muka rubuta suna da unguwa da irin lalurar kowa da abin da ya rushe masa. Muka tafi mu goma sha tara, kekuna a gaba, makafi riƙe da kafaɗar juna, muka zauna a ƙofar ofishin ba hayaniya ba zagi, daga hantsi har azahar. Da shugaban wurin ya fito, dattijonmu ya gaishe shi da ranka ya daɗe, ya miƙa takardar, ya ce ba mu zo neman a fifita mu ba, mun zo a ware mana sa'a guda da za mu iya isa teburin. Aka ware. Zaman nan na awa huɗu cikin rana shi ma haƙuri ne, amma ka ga ya sha bamban da wanda aka miƙo mini a filin rabo.

Kuma ba alfarma muke roƙo ba idan muka yi irin wannan zama, domin doka tana nan a rubuce. Tun 1993 Nijar take da dokar kare nakasassu, wadda ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatun da ke da ma'aikata 20 zuwa sama. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu. A watan Disambar 2019 aka sake yin wata doka kan shigar da nakasassu cikin al'amuran ƙasa. An ɗauki wasu 'yan'uwanmu masu takardun makaranta aikin gwamnati ta wannan hanya, kuma abin a yaba ne. Amma kason aiki yana amfanar wanda ya yi karatu ne, yawancin yaranmu kuwa ba su taɓa shiga aji ba, ko don nisa, ko don babu malamin da ya iya maganar hannu ko rubutun makafi, ko don uba ya ga yaron ya fi kawo kuɗi a bakin titi. Dokar da mutanenta ba su san da ita ba, a aljihun tebur take kwana. Na sha karanta wa mambobinmu sassanta da Hausa, kuma kullum sai wani ya tambaye ni ko da gaske a Nijar aka rubuta wannan.

Maganar bakin titi ta kawo mu kan bara, wadda ita ce ta fi raba kanmu. Jihar nan ta san zafinta. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. A watan Maris na 2022 gwamnati ta kwaso fiye da mutum 1,000 daga Dakar inda suke bara. A 2019 hukumomin Yamai sun hana bara a titunan birnin. Mafi yawan waɗanda ke wannan tafiya lafiyarsu ƙalau, yunwa da ƙarancin gona ne suka kore su. Amma duk lokacin da aka tashi maganar bara, fuskar makaho da gurgu ake nunawa, kuma idan an tashi kame su ne ba sa iya gudu. A cikinmu akwai matasan da ke cewa a daina bara yau yau, tana zubar mana da daraja. Akwai dattawan da ke cewa, ɗana, ka ba ni abin da zan ci gobe sai in ajiye ƙoƙon. Ni ina tare da matasan a kan inda za a je, ina tare da dattawan a kan cewa ba a tsallake rami da baki. Tsohon da ya shekara arba'in yana bara ba zai koma tela ba. Inda nake ganin bai kamata a yi sassauci ba shi ne ɗan jagora. Yarinyar da ke riƙe da sandar kakanta daga safe zuwa dare ita ce ke biyan kuɗin makantarsa da karatunta. A asusunmu mun yanke cewa duk mai karɓar rance sai ɗan jagoransa yana zuwa makaranta ko da rabin yini ne, makafi biyu ko uku su haɗa jagora ɗaya babba. Ba kowa ya ji daɗi ba, mutum biyu sun fita.

Akwai kuma waɗanda ko a cikinmu ba a jin muryarsu. Mace nakasasshiya tana ɗaukar kaya biyu, sau da yawa a aure ta a ɓoye, a sake ta da goyo. Masu taɓin hankali ba su da sarki, ba su da ƙungiya mai ƙarfi, wasunsu suna ɗaure a ɗaki da mari shekara da shekaru, iyalansu kuma ba mugunta ce ta sa su ba, rashin sanin inda za su kai su ne da rashin kuɗin magani. Mutanen ƙauyukan Mirya da Magarya da Tanut da Gure ba su ma san ana rabon keke a birni ba sai an gama.

Yanzu da damina ke ƙaratowa, aikin da muka sa a gaba ƙarami ne. Muna bin unguwa gida gida muna rubuta inda akwai wanda ba zai iya fita da kansa ba idan ruwa ya shigo da dare, da sunan maƙwabcin da ya yarda zai fara buga ƙofarsa. Takarda ɗaya za ta zauna wurin mai unguwa, ɗaya wurin liman, ɗaya a akwatinmu. Kurman nan mai gyaran babur ya ce a ƙara da cewa irinsu ba a buga musu ƙofa, sai dai a shiga a taɓa su ko a haska fitila, muka rubuta. Mun kuma nemi maginan da ke sake tayar da ɗakunan da suka faɗi su faɗaɗa ƙofa su sauke dokin ƙofa, tunda ba ya ƙara ko bulo ɗaya. Ranar Juma'ar da ta wuce na karanta sunayen, mutum talatin da ɗaya, na ce an kammala. Inna ta ce ba a kammala ba. Ta ce a bayan gidan mai faci akwai wata bazawara da ɗanta saurayi da ba ya fita, tana jin muryarsa idan ta wuce da asuba. Babu wanda ya san da shi a cikinmu masu ido. Gobe Asabar ni da ita za mu je mu yi sallama.